Daga 50 Zuwa 120: Tafiyar Hoton Talabijin da Kwamfuta a Kudancin Kaduna

Yawan sabunta hoto shi ne adadin lokutan da talabijin ke sake zana abin da ke fuskarsa cikin daƙiƙa guda. Ana auna shi da hertz, a taƙaice Hz, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyyar nan na Jamus, Heinrich Hertz. Talabijin mai 50 Hz yana kawo sabon hoto sau 50 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana tsayawa na kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa. A 60 Hz tsayuwar ta koma 16.7, a 120 Hz kuwa 8.3 kacal. Ido ba ya iya ƙirga hotunan ɗaya bayan ɗaya, amma yana gane bambancin. Idan adadin ya yi ƙasa, kibiyar maus takan riƙa tsalle maimakon ta sulale, rubutu ya dushe in ana gungura shafi, ƙwallon da aka buga da ƙarfi ta ja jela a bayanta. Mai kallon labarai bai cika damuwa da wannan ba. Wanda ya jona kwamfutarsa da talabijin ya zauna kusa da shi, hannunsa na motsi idonsa na jiran amsa, shi ne yakan fara lura.

Asalin lambar 50 daga wutar lantarki yake. A shekarun 1930, lokacin da ake kafa talabijin a Ingila da Amurka, injiniyoyi sun ɗaure saurin zana hoto da bugun wutar da ke shiga gidaje, domin in biyun suka saɓa sai wani baƙin zane ya riƙa hawa da sauka a fuskar akwatin. Wutar Ingila tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, daga nan duniyar talabijin ta rabu gida biyu. Najeriya ta gaji 50 daga Ingila, a wuta da kuma a hoto. A kan wannan ma'auni aka buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, sannan gidan talabijin na Benuwe-Filato da ke Jos ya riga kowa a ƙasar fara watsa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Kafanchan da Kagoro da Manchok sun fi kusa da Jos a kan Kaduna, don haka tarihin tashar Jos tarihinsu ne su ma. Eriya a saman doguwar gora, wani yana waje yana juyawa, na ciki suna ce masa ya tsaya haka nan: ta wannan hanya hoton 50 Hz ya shiga gidajen yankin.

Tsarin launin da Najeriya ta ɗauka shi ne PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus. Layuka 625 ne, 576 daga cikinsu ne ake gani. Akwai dabara a ciki da ya kamata a fahimta, domin har yau tana bibiyar masu jona kwamfuta. Ba cikakken hoto ake aikowa sau 50 ba. Ana zana layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sannan a koma a cike na 2, na 4, na 6. Rabin hoto sau 50, cikakke sau 25. Ga fim da wasan kwaikwayo wannan ya wadatar, musamman ga mai kallo daga nesa. Ga siririn rubutun kwamfuta kuwa masifa ce, saboda layin da kaurinsa bai wuce ɗigo ɗaya ba yana bayyana ne a rabi ɗaya kawai, sai ya riƙa ƙyaftawa sau 25 a daƙiƙa.

Kafin kwamfuta ta yaɗu, mutane sun fara cin karo da rikicin 50 da 60 ta hanyar kaset ɗin bidiyo da na'urorin gem. Kaset ko na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan tana fitar da NTSC, layuka 525 a kusan 60 Hz. In aka jona ta da akwatin da PAL kaɗai ya sani, hoton yakan fito baƙi da fari, ko ya yi ta birgima. Shi ya sa talabijin da aka rubuta wa multi-system ya yi daraja a wurin masu shagon haya da masu gidan gem. Akwai ma abin da yaran wancan lokaci ba su sani ba: wasanni da yawa na Sega Mega Drive da aka tsara a kan 60 Hz, da aka mayar da su 50 ba tare da gyara ba, sun rage gudu da kusan kashi 17 cikin ɗari, har da kiɗansu.

Shigowar kwamfuta yankin tana da alaƙa da Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, mai mazauni a unguwar Bayan Loco cikin Kafanchan. Ta koyar da mata da matasa da kwamfutocin da aka sabunta bayan an yi amfani da su a Turai, daga baya kuma ta kafa ZittNet domin raba intanet ba tare da waya ba. A wannan zamani ne shagunan buga takardu da wuraren shiga intanet suka bazu a garuruwan Arewa, dukkansu da monita mai ƙaton baya. Wannan monita ba ta da ƙayyadadden adadi guda. Harsashin lantarkin da ke cikinta yana bin umarnin kwamfuta ne, in an ce 60 ya yi 60, in an ce 75 ko 85 ya yi, matuƙar bai wuce ƙarfin na'urar ba. Kuma akwai dalili mai ƙarfi na ɗagawa. Hasken kowane ɗigo yana dushewa da zarar harsashin ya wuce, saboda haka farin shafi a 60 Hz yana ƙyalƙyali a gefen ido, mai buga takardu ya tashi da ciwon kai da jan ido. Mayar da saiti zuwa 85 Hz a girman 1024 da 768 yana kashe wannan ƙyalƙyali nan take, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Abin takaici ne yadda ɗalibai da sakatarori da yawa suka yi shekaru suna shan wahalar 60 alhali maganin yana cikin saitin Windows.

Jona kwamfuta da talabijin a lokacin sai dole. Ana bi ta wayar S-Video ko ta rawayar wayar bidiyo, hoton ya sauko zuwa PAL, rubutu ya caɓe har ba a iya karanta sunan fayil. Ana yi ne kawai don nuna fim ga taro.

Zuwan talabijin mai faɗi, wanda jama'a ke kira filasma ko da LCD ne, ya sauya komai daga ƙarshen shekarun 2000. Yana da ramin VGA ko HDMI, yana da ɗigo tabbatattu, rubutu yana fita tas. Dalilan mayar da shi monita kuwa a bayyane suke ga duk wanda ya san yankin. Talabijin mai inci 32 ya fi monita mai wannan girma sauƙin samu. A Nok, Kwoi ko Zonkwa, inda janareta ko batirin sola ke ɗaukar nauyin gida in wuta ta tafi, fuska ɗaya da za ta yi aikin biyu ta fi biyu. Majami'u suna haska waƙoƙi da ayoyi daga laftof. Malamai da ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan suna nuna darasi da gabatar da bincike. Masu ɗaukar bidiyon biki suna tace aikinsu a kai. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, yaro ma yakan yi atisaye a talabijin ɗin falo.

Sai dai LCD yana aiki ne ta wata hanya dabam. Fitila ce a baya da ke kunne kullum, ɗigon kuma yana riƙe launinsa har sai sabon hoto ya zo. Ƙyalƙyalin harsashi ya tafi, don haka 60 Hz ya daina sa ciwon kai irin na da. A madadinsa dushewa ta shigo: ido yana bin abin da ke tafiya a hankali a hankali, hoton kuwa yana tsaye cik na kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya yi tsalle, sai ƙwaƙwalwa ta ga shafe-shafe. Masana'antu suka tsaya a 60 na shekaru masu yawa. Wanda ya saba da 85 a tsohuwar monitar gwanjo ya sayi sabon abu mai tsada ya tarar an mayar da shi baya a wannan fanni, kuma babu wani zaɓi a saiti sama da 60.

A nan ne lambobin jikin kwali suka fara ruɗa masu saye. Ana ganin 100, 200, 400, har 800 an rubuta da manyan baƙaƙe, ƙarƙashin sunaye irin su Motionflow na Sony, TruMotion na LG, Clear Motion Rate na Samsung. Yawancin waɗannan lambobi ba adadin hotunan da talabijin ke karɓa daga waje ba ne. Wasu lissafi ne da ya haɗa da ƙyafta fitilar baya. Wasu kuma suna nufin talabijin ɗin yana duba hotuna biyu da suka iso, ya ƙirƙiro na tsakiya da kansa. Wannan ƙirƙira tana sa ƙwallo ta yi santsi, amma ga kwamfuta illa ce, domin dole talabijin ya jinkirta hoto kafin ya yi lissafinsa, sai a ji maus yana bin hannu a baya. Wata lambar da ke yaudara ita ce 50/60 Hz da ke jikin takardar da aka manna a baya, kusa da 100 zuwa 240V. Wannan magana ce ta wutar da na'urar za ta iya sha, ba ta hoto ba. Talabijin na yau yana juya wutar bango zuwa irin wutar batir a cikinsa, don haka bugun janareta ko na Kaduna Electric ba shi da hannu a yawan sabunta hotonsa.

Abin da ke yanke hukunci shi ne jerin abubuwa huɗu: gilashin talabijin, allon lantarkin da ke karɓar saƙo, waya, da ramin fitar hoto na kwamfuta. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne iyaka. Da zarar an jona waya, talabijin yana miƙa wa kwamfuta wani ɗan bayani da ake kira EDID, mai ɗauke da jerin girma da saurin da ya yarda da su. Abin da Windows ke nunawa a saitin Advanced display daga wannan jeri yake fitowa.

Batun waya lissafi ne mai sauƙi. Hoton 1920 da 1080, idan aka haɗa da giɓin da ake bari a gefe da ƙasa tun zamanin harsashi, yana zama 2200 da 1125. A ninka sau 60, ana samun ɗigo miliyan 148.5 a daƙiƙa. A 120 Hz ya zama miliyan 297. HDMI 1.3 na 2006 da 1.4 na 2009 suna ɗaukar har miliyan 340, wato a ƙa'ida sun isa 1080 a 120 Hz, amma hoton 4K sai a 30 Hz. HDMI 2.0 na 2013, mai gigabit 18, ya kai 4K zuwa 60. HDMI 2.1 na 2017, mai gigabit 48, shi ya buɗe 4K a 120. Wannan yana bayyana wata matsala da ta zama ruwan dare: mutum ya sayi sabon talabijin 4K, ya jona tsohuwar laftof ɗin HP ko Dell ta gwanjo mai HDMI 1.4, sai ya ga komai ya yi nauyi fiye da a tsohon talabijin ɗinsa. Kwamfutar ta zaɓi 4K a 30 Hz ne. Sauko da girman zuwa 1080 yana dawo da 60 nan da nan. Haka kuma talabijin da dama suna zuwa da cikakken ƙarfin HDMI a kashe, sai an shiga saiti an kunna, kuma sau da yawa rami ɗaya ko biyu ne kawai ke da shi. Idan laftof tana nuna abu ɗaya a fuskarta da talabijin a lokaci guda, takan riƙe su duka a saurin da suka yi tarayya a kai; danna maɓallin Windows da P a zaɓi fuska ta biyu kaɗai yana sakin talabijin ya yi nasa. Ƙananan na'urorin juya HDMI zuwa VGA da ake sayarwa a kasuwa kuwa galibi a 60 suke tsayawa.

Akwai masu ƙin yarda da jerin EDID, su tilasta wa talabijin abin da bai ambata ba. Ana yin haka ta saitin katin hoto na NVIDIA ko AMD, ko da wata ƙaramar manhaja mai suna Custom Resolution Utility. Ana ƙara adadin kaɗan-kaɗan, 65, 70, 72, 75, ana kuma rage giɓin gefe domin waya ta samu sarari. Sakamakon yakan zama ɗaya cikin uku. Ko fuska ta yi baƙi da saƙon cewa ba ta gane siginar ba, bayan 'yan daƙiƙu kwamfuta ta koma saitin da. Ko gilashin ya karɓa da gaske. Ko kuma, wanda ya fi yawa a talabijin, allon ciki ya karɓi 75 amma gilashin ya ci gaba da 60, ana zubar da hoto 15 a kowace daƙiƙa. Windows zai rubuta 75 Hz, mai shi ya yi murna, alhali motsin ya fi na da muni saboda tsallake-tsallake. Hanyar tabbatarwa ita ce gwajin tsallaken hoto na shafin TestUFO: wani farin murabba'i yana bin gidaje a jere, a ɗauki hoton fuskar da kyamarar da aka bar idonta a buɗe na ɗan lokaci. In gidajen da suka haskaka sun fito a manne, adadin gaskiya ne. In akwai giɓi a tsakani, ana zubar da hotuna.

Inda wannan ƙoƙari ya fi yin nasara shi ne talabijin da gilashinsa tun asali mai 100 ko 120 ne, kamar wasu masu 3D na farkon shekarun 2010 da manyan 4K na tsakiyar shekarun, waɗanda wasunsu ke karɓar 1080 a 120 Hz ko da ba su rubuta ba. Ga ɗan talabijin mai inci 32 da ɗigo 1366 da 768, irin wanda ya fi yawa a gidaje, ribar ba ta kai wahalar ba. Abin da zai fi amfanar mai shi shi ne kunna Game Mode ko sanya wa ramin sunan PC, a kashe duk wani gyaran motsi. Jinkirin da ake ragewa ta nan sau da yawa ya ninka abin da tashi daga 60 zuwa 75 zai bayar, wanda bai wuce kashi 3.4 cikin dubu na daƙiƙa ba.

Akwai kuma abin da neman babbar lamba ke sa a manta, kuma ya fi shafar Najeriya fiye da Amurka. Santsin motsi yana zuwa ne idan saurin fuska ya dace da saurin abin da ake kallo, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: in bugunsu bai zo daidai ba, ƙara sauri ba ya gyara komai. Gasar Firimiya ta Ingila da gasannin Turai a kan 50 ake ɗaukarsu. Finafinan Kannywood da Nollywood na zamanin faifan VCD hoto 25 ne a daƙiƙa. Komawar talabijin zuwa tsarin dijital, da aka ƙaddamar a Jos a Afrilun 2016 kuma ta iso Kaduna a ƙarshen 2017, ba ta sauya wannan ba. Dikodar DStv tana ba talabijin 50 kai tsaye, shi ya sa ƙwallo ke tafiya sumul a gidan kallo. Kwamfuta kuwa tana fara aiki a 60. Hoto 50 ba za su cike gurbi 60 ba sai an maimaita 10, wato ɗaya cikin kowane biyar, sai kyamara ta riƙa ɗan tuntuɓe duk lokacin da ta bi ɗan wasa. Mai gidan kallon da ke haska wasa daga laftof yakan ɗora laifin a kan netwok, alhali maganin shi ne ya sauko da saiti zuwa 50 Hz, wanda kusan kowane talabijin da aka yi wa wannan kasuwa yana karɓa. Ko 120 ma bai raba wannan gardama ba: yana rabuwa daidai da 24 na finafinan silima, da 30, da 60, amma ba ya rabuwa da 25 ko 50. Ga kayan kallo na gida da na Turai, 100 ne ya dace.

Masu ɗaukar bidiyon biki suna gamuwa da ɗan'uwan wannan matsala. Wasu fitilu suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa a wutar 50, wayoyi da kyamarori da yawa kuma suna zuwa a saitin 30 ko 60. Sakamakon shi ne baƙaƙen layuka masu yawo a hoton cikin zaure ko majami'a. Mayar da kyamara zuwa 25 ko 50 yana kawar da su, sannan tacewa a fuskar da aka sa a 50 tana nuna aikin yadda yake.

Ainihin 120 Hz a hoton 4K na talabijin ya zama abin kasuwa ne daga 2019, lokacin da LG ya sa HDMI 2.1 a talabijin ɗinsa na OLED, sai PlayStation 5 da Xbox Series X suka fito a Nuwamban 2020 suka tilasta wa sauran kamfanoni bi. Tare da HDMI 2.1 aka samu VRR, inda talabijin ke jiran kwamfuta ta gama zana hoto kafin ya nuna, maimakon ya bi agogonsa shi kaɗai, dabarar da NVIDIA ta fara da G-Sync a 2013, AMD ta biyo da FreeSync. Wasu talabijin masu sauƙin kuɗi na Hisense da TCL suna ba da 120 ta hanyar zana layuka biyu-biyu a tare, a samu sauri a rasa rabin kaifin hoto daga sama zuwa ƙasa. Ga wasan gem wannan ciniki ne mai kyau, ga rubutu kuwa a'a.

Sharaɗi na ƙarshe yana wurin kwamfutar kanta. Fuska mai 120 Hz ba ta ƙara komai in na'urar ba ta iya zana hoto 120 a daƙiƙa ba, kuma laftof ɗin ofis mai katin hoto na Intel ba ta kai nan a wasannin zamani, ko da yake takan iya a gungura shafi da jan maus. Kwamfutar gem mai ƙarfin yin hakan tana shan wat ɗaruruwa, babban talabijin ya ƙara nasa, laftof ta yau da kullum kuwa cajarta ba ta cika wuce wat 65 ba. A gidan da inbata da batir biyu ke riƙe da fitilu, fanka da cajin waya har asuba, wannan bambanci yana nufin ƙarin faifan sola da ƙarin batir, kuɗin da kan zarce na talabijin ɗin. Shi ya sa 120 Hz a kudancin Kaduna ya fi saurin shiga hannun jama'a ta wayoyin Tecno, Infinix da Redmi masu 90 da 120 Hz, inda fuskar ƙarama ce kuma batirin aljihu ya isa, yayin da talabijin ɗin falo da na gidan kallo suka ci gaba da aiki tsakanin 50 da 60.